Ratar da Ido Ba Ya Gani

A Pleiku, inda jar ƙasa ke bin taya har ƙofar ɗaki,
kakana Khiem na da rumfar gyara ƙarƙashin bishiyar fiya.
Ni ce mai wanke sifana, ni ce mai miƙo ta.

Da hantsi Lam ya turo babur,
buhun kofi uku ɗaure a bayansa.
Ya ce, "Da safe lafiya lau, kamar jaririn da ya ƙoshi.
Amma in na kama hawan Mang Yang, na kai rabi,
sai ya soma wani siririn kuka,
kamar ana wasa wuƙa a cikin cikinsa."

Kaka bai ce uffan ba.
Ya kai bayan hannu kusa da injin, bai taɓa ba,
yadda ake auna zazzaɓin ɗan maƙwabci.
Ya ce, "Mai sanyi ba ya faɗin gaskiya.
Sai baƙin mai ya haura digiri ɗari
ƙarfe ke tona abin da ke ransa."

Muka raba injin biyu kamar kwakwa.
Ga boris a gidansa, zoben waje ya yi sheƙi,
sheƙin abin da ya yi ta juyi
a inda aka ce ya zauna.
Ga kuma ƙarta uku a bangon gidan.
Na san su.
Ni na yi su, wata biyu baya,
ran da kaka ya tafi jana'iza a Kon Tum,
na ga boris ya ƙi shiga, na ɗauko guduma.

Ya dubi ƙartar. Bai dube ni ba.

"Diu," ya ce, "alminiyam mai saurin buɗa ne.
Wuta ɗaya za ta same su,
gidan ya buɗe kusan ninki biyun baƙonsa.
Shi ya sa ake yanka gidan da ƙunci:
riƙon da ka gani da safe,
rana za ta ci rabonta a ciki.
In an kankare bangon tun farko,
me zai rage a tsakiyar hawa?"

Ya aike ni wurin Thuc mai ƙanƙara
da sabon boris a leda.
Ta yi dariya, ta tura shi tsakanin kifi da ruwan rake.
Shi kuwa ya ɗauko wani kwanon injin daga tarin baya,
ya ɗora a farantin ƙarfe bisa garwashi,
yana juya shi, ba gaggawa,
har ruwan sama ya zo ya wuce.

Ya tsoma yatsa a shayinsa, ya yarfa ɗigo.
Ɗigon ya kwanta.
Ya jira.
Ya sake yarfawa: tsss, ya yi rawa, ya ɓace.
"Ruga!"

Na dawo da boris yana cizon tafina, fari fat da raɓa.
Ya ce, "Ke za ki sa."
Na saita, na saki.

Ƙwas.

Shi ke nan. Ba guduma, ba zagi.
Ɗaya ya tsuke, ɗaya ya buɗe, suka haɗu a tsakiya,
kafin in ƙirga goma sun riƙe juna gam.

Na juya zoben ciki da ɗan yatsa.
Na ce, "Kaka, ai akwai ɗan wasa."
Ya ce, "Bar shi. Bai kai kaurin gashinki ba.
Wannan rabon zafi ne.
Wanda ya cika tam da sanyi, a hanya zai ƙame."

Da yamma Lam ya tafi, hayaƙinsa ya bi gonakin kofi.
Ina wanke hannu da toka na ce, "Ni ce."
Ya ce, "Na sani tun hantsi."
Ya rataye gudumar a ƙusa mafi tsawo,
inda sai na taka kujera,
ya zuba shayi kofi biyu,
ya bar nawa ya ɗan huce.